Shigar da Matar Ma'aikaci Mai Juna Biyu Cikin Inshorar Lafiya

Gabatarwa

An shirya wannan bayani ne domin ma'aikata magidanta, na gwamnati da na kamfanoni, da kuma matansu, a duk inda suke zaune cikin ƙasar nan. Abin da ya kawo shi wani kuskure ne da ake yawan yi. Mutum yana da inshorar lafiya ta wurin aikinsa, katinsa yana aljihu, sai ya ɗauka cewa da zarar an ɗaura masa aure matarsa ta shiga ke nan. Ba ya farga sai ran da naƙuda ta tashi, aka kai ta asibiti cikin dare, akawu ya duba jerin sunaye daga sama har ƙasa bai ga sunanta ba. A wannan lokaci babu abin da ya rage sai biya daga aljihu, in babu kuwa sai rance ko sayar da kadara.

Ɗaurin aure ba ya shigar da mace cikin inshora. Rajista ce ke shigar da ita, kuma mai albashin ne zai nema. Ga yadda abin yake daki-daki.

Asalin shirin

Gwamnatin Tarayya ta kafa Shirin Inshorar Lafiya na Ƙasa, NHIS, da doka mai lamba 35 ta shekarar 1999, aka kuma ƙaddamar da shi a watan Yuni na 2005, aka fara da ma'aikatan Tarayya. A watan Mayu na 2022 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta soke ta farko, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, watau NHIA. Babban abin da sabuwar dokar ta zo da shi shi ne mayar da inshorar lafiya tilas a kan kowane mazaunin ƙasar nan. Ta kuma ambaci ma'aikatu da kamfanoni masu ma'aikata 5 zuwa sama a cikin waɗanda wajibi ne su shiga.

Inshorar lafiya wani irin taimakon juna ne. Kowa yana zuba kaɗan cikin asusu ɗaya tun yana da lafiya, wanda lalura ta same shi sai a biya masa daga ciki. A shirin ma'aikata, ƙa'ida ta tsara cewa kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin kashi 5. Alal misali, wanda ainihin albashinsa Naira 100,000 ne, kamfani zai zuba masa Naira 10,000, a cire Naira 5,000 daga nasa. A aikin Gwamnatin Tarayya kuwa ana yin lissafin ne a kan dunƙulallen albashi, inda ƙa'idar ta ɗora wa gwamnati kashi 3.25, ma'aikaci kashi 1.75.

Wannan kuɗi ba na ma'aikacin kaɗai ba ne. Ya ƙunshi shi kansa, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Idan ma'aikaciyar mace ce, ya ƙunshi ita da mijinta da 'ya'ya 4. Saboda haka duk magidancin da bai shigar da matarsa ba, ya bar wani hakki ne wanda an riga an biya masa kuɗinsa.

Dalilin da ya sa asibiti ke duba suna

Mutane da yawa sukan ji haushi idan asibiti ya ƙi karɓar katin miji a madadin matarsa. Sanin yadda kuɗin ke tafiya zai kawar da wannan ɓacin rai.

Ɓangarori 4 ne ke cikin sha'anin. Akwai Hukuma, wadda ke tsara ƙa'idoji da tantance asibitoci. Akwai wurin aikin mutum. Akwai kamfanonin da ke tsakanin Hukuma da asibitoci, waɗanda aka fi sani da HMO. Sa'an nan akwai asibitin da mutum ya zaɓa ya zama wurin zuwansa na farko. Shi wannan asibiti ana aika masa da jerin sunayen mutanen da suka zaɓe shi, kuma ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane suna kowane wata, ko mai sunan ya je ko bai je ba. Da wannan kuɗi ne yake duba marasa lafiyarsa. Wanda sunansa ba ya cikin jerin, ba a biya kome a kansa ba. Ke nan akawun da ya ce bai ga sunan matarka ba, ba wulaƙanci ya yi maka ba, abin da ke gabansa ya faɗa.

Ko juna biyu yana hana rajista?

A shirin ma'aikata na Hukuma, ciki ba ya hana a yi wa mace rajista. Ba a ce sai an gwada ta an ga ba ta da juna biyu kafin a karɓe ta ba. Abin da ke kawo cikas shi ne lokaci. Daga ranar da aka miƙa fom zuwa ranar da suna zai bayyana a jerin asibiti akwai tazara ta jira, domin sai an tantance takardu, an shigar da sunan cikin rajista, sa'an nan a aika wa HMO da asibiti. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma ciki ba ya jiran kowa. Mako 40 ne galibi, watau wata 9 da 'yan kwanaki.

A duba misalin ma'aikata biyu a ofis ɗaya. Na farko ya miƙa takardun matarsa tun cikin watan da ta tare. Ko da a ce jiran ya kai wata 3, kafin ta gane tana da ciki sunanta ya fito, ta fara awo a kan kari. Na biyu ya bari sai da cikin ya kai wata 7. Duk awon da aka yi a baya daga aljihunsa ya biya, kuma mai yiwuwa ne haihuwar ta riga fitowar sunan. Albashinsu ɗaya, abin da ake zuba musu ɗaya, bambancinsu kawai ranar da kowa ya miƙa fom. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Matakan da za a bi

1. Ka je wurin jami'in da ke kula da sha'anin inshorar lafiya a ma'aikatarku. A kamfani, ofishin kula da ma'aikata ne. Ka shaida masa kana son ƙara matarka cikin rajistarka, ya ba ka fom, ko ya tura ka ofishin Hukuma na jiharku.

2. Ka tanadi takardu tun kafin ka je: katinka ko lambarka ta inshora, katin shaidar aiki, shaidar aure, lambar shaidar ɗan ƙasa ta matar, watau NIN, da hotonta na fasfo. Wanda aka ɗaura masa aure a masallaci ko a ƙofar gida ba tare da takarda ba, yana iya samun takardar shaidar aure ko takardar rantsuwa daga kotu.

3. Ka lura da rubutun suna. Sunan da ke kan fom ya zama daidai da wanda ke kan NIN, harafi da harafi. Mace ɗaya ta zama A'ishatu a wata takarda, Aisha a wata, sunan mahaifinta a nan, sunan mijinta a can, wannan kaɗai ya isa ya maƙale rajista. Haka nan ranar haihuwa.

4. Ku zaɓi asibiti tare da ita, daga cikin waɗanda Hukuma ta amince da su. Ba dole ba ne ya zama asibitin da kai ka zaɓa wa kanka.

5. Ka karɓi shaidar cewa ka miƙa fom, mai ɗauke da kwanan wata, ka adana kwafen kowace takarda. Ka kuma tambayi jami'in watan da sunan zai fito.

6. Idan watan ya kama, ka je asibitin da kanka, wurin teburin masu inshora, ka tabbatar sunan yana cikin jerinsu. Kada ka dogara da cewa an ce maka an gama.

Zaɓen asibiti da al'adar goyon ciki

A nan ne magidanta da yawa kan yi tuntuɓe, musamman waɗanda aiki ya kai su nesa da gida. Al'adarmu ce mace mai cikin fari ta koma gidan iyayenta idan cikin ya tsufa, ta haihu a can, ta yi wankan jego a hannun mahaifiyarta. To, a ce ma'aikaci yana Legas ko Fatakwal, ya zaɓa wa matarsa asibitin da ke kusa da gidansu, sa'an nan a wata na 7 ta tafi goyon ciki Katsina ko Azare. Sunanta yana Legas, ita kuwa tana Arewa. Asibitin garinsu ba shi da ita a jerinsa, ko da kuwa shi ma yana cikin shirin.

Saboda haka tun ranar cike fom a yanke shawara a kan garin da za ta haihu. Idan an san za ta tafi gida, ko dai a zaɓi asibitin garinsu tun farko, ko a nemi canjin asibiti da wuri ta hannun Hukuma ko HMO. Canjin asibiti shi ma yana da fom da lokacin jira, bisa ƙa'ida kuma ba a canzawa a kai a kai. Haka abin yake ga wanda aka yi wa canjin wurin aiki matarsa tana da ciki.

Wajen zaɓe, a duba abu 3. Na farko kusanci, domin naƙuda ta fi tashi cikin dare, kuma hanyar da ake yi cikin minti 20 da rani tana iya gagara da damina. Na biyu, ko akwai ungozoma ko likita dare da rana. Na uku, idan haihuwa ta zo da gardama, shin ana yin tiyata da ƙarin jini a wurin, in kuwa ba a yi, wane asibiti suke turawa, kuma yaya nisansa.

Abin da shirin ya ɗauke wa mai juna biyu

Shirin ma'aikata ya ƙunshi awon ciki, da karɓar haihuwa, da kulawa bayan haihuwa, har zuwa haihuwa 4 ta 'ya'ya masu rai. Ganin likita da gwaje-gwajen da ke cikin jerin Hukuma suna ciki. Wajen magani, mai inshora yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerin da aka amince da shi. Maganin Naira 5,000 ke nan Naira 500 za a biya.

Idan aka bukaci abin da ya fi ƙarfin matakin farko, kamar yi wa mace aiki a ciro jariri, asibitin zai nemi lambar izini daga HMO kafin a tura ta ko a yi aikin, domin irin wannan ana biyansa dabam ne. Neman lambar aikin asibiti ne, ba na miji ba. A shekarar 2025 Hukuma ta umarci kamfanonin HMO da su riƙa ba da wannan izini cikin awa 1 daga lokacin da asibiti ya nema. Idan kuwa rai yana cikin haɗari, ceton rai ne a gaba, a bi da maganar takarda daga baya.

Me ya sa ake nanata awon ciki? Binciken ƙasa a kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 ana rasa mata 512 ta dalilin ciki ko haihuwa. Manyan abubuwan da ke kawo wannan su ne zubar jini, da hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da doguwar naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa. Da yawansu ana iya gano alamunsu tun a wurin awo. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 aƙalla, zuwan farko kuwa ya kasance cikin mako 12 na farko. A wurin awo ne ake auna jini da fitsari, a san rukunin jininta domin ko za a bukaci ƙari, a yi mata allurar rigakafin sandarewar jiki, a ba ta maganin ƙarin jini, sa'an nan bayan wata 3 na farko a fara ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Matar da aka yi wa rajista a makare ta kan rasa rabin wannan, domin maigida yana jinkirta awo har sai albashi ya shigo.

Kada a dakatar da awo domin ana jiran fitowar suna. A fara a asibitin da ke kusa, a biya, a adana katin awon, in suna ya fito a tafi da shi asibitin da aka zaɓa su ci gaba daga inda aka tsaya. Sai dai a sani, kuɗin da aka kashe kafin sunan ya fito ba a mayar da shi.

Bayan haihuwa

Jaririn da aka haifa yana samun kulawa a ƙarƙashin rajistar mahaifiyarsa har mako 12. Wannan lokaci ne da aka ba iyaye su yi masa tasa rajista. Da zarar an yi suna, uba ya karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya kai tare da hoton jaririn, ya bi matakan da aka ambata a baya. Ma'aikatan Tarayya maza suna da hutun kwana 14 idan matansu sun haihu, wanda gwamnati ta amince da shi a shekarar 2021. Kyakkyawan abu ne a ware kwana ɗaya daga ciki domin wannan aiki. Wanda ya bari mako 12 suka wuce, ran da zazzaɓi ya kama jaririn zai sake tsayawa gaban akawu ana neman suna.

Tambayoyin da ake yawan yi

Ina da mata biyu, ta farko ce a rajista, amarya ce ke da ciki. Yaya zan yi?

Gurbin mace ɗaya ne a cikin kuɗin da ake zuba maka. Amma ƙa'ida ta yarda a ƙara wasu mutane na gida, kamar mata ta biyu, ko ɗa na biyar, idan an biya ƙarin kuɗi na shekara a kan kowane ɗaya. Ka nemi fom na ƙarin iyali. Kada ka cire uwargida domin ka saka amarya. Wannan ba adalci ba ne, kuma ita ma lalura ba ta ba da sanarwa.

Ba zan iya ba amarya katin uwargida ta je da shi ba?

A'a. Wannan zamba ce, kuma tana da haɗari ga rai. Fayil ɗin asibiti yana ɗauke da rukunin jinin mai shi, da cututtukan da ta taɓa yi, da magungunan da jikinta ba ya karɓa. Likitan da ya yi aiki da bayanin wata a kan wata, musamman a lokacin gaggawa, yana iya yin kuskuren da ba shi da gyara.

Matata ita ma ma'aikaciya ce mai rajistar kanta. Sai na ƙara ta?

Ba ka bukata. Ba a yi wa mutum ɗaya rajista sau biyu a cikin shirin. Ku dai tabbatar asibitin da ta zaɓa tun tana budurwa ya dace da inda take zaune yanzu.

Na rabu da matar da ke rajista, na auri wata.

Ka sanar da Hukuma a rubuce, tare da shaidar saki ko ta rasuwa da kuma shaidar sabon aure, a cire sunan waccan a saka na wannan. Ba ya canzawa da kansa.

Ni ma'aikacin jiha ne.

Jihohi suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano, da KADCHMA a Kaduna, da LASHMA a Legas. Tsarin yana kama da na Tarayya, amma kowace jiha tana da nata ƙa'idoji a kan kuɗi da yawan iyali. Ka je ofishin ta jiharku.

Kamfaninmu ya yi yarjejeniya ne kai tsaye da wani HMO.

A nan sai an yi hattara sosai, domin abin da ke cikin takardar yarjejeniyar shi ne hukunci. Wasu kamfanoni ma'aikacin kaɗai suka biya wa, ban da iyali. Wasu tsare-tsaren suna sa sharaɗin sai mace ta yi watanni a cikinsu kafin su ɗauki nauyin haihuwa, wasu kuma suna ƙayyade iyakar kuɗin da za su biya a kan tiyata. Ka nemi amsar tambayoyi 4 a rubuce: ko tsarin ya haɗa da mata, ko ya karɓi cikin da aka riga aka samu, nawa ne iyakar kuɗin haihuwa da tiyata, kuma kwana nawa aka ba da a ƙara jariri.

Wanda ba ma'aikaci ba fa?

Hukuma tana da shirin GIFSHIP domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi masu biya wa kansu. Dokar 2022 ta kuma tanadi asusun masu rauni, ta ambaci mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 a cikinsu. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a asibitocin da aka keɓe. Wannan tanadi ne domin mabukata. Bai ɗauke wa mai albashi nauyin yi wa matarsa rajista ba.

Inda za a kai kuka

Idan sunan matarka yana cikin jerin asibiti amma aka ƙi duba ta, ko aka ce ka biya abin da shirin ya ƙunsa, ka fara da jami'in teburin inshora na asibitin. In bai warware ba, ka kira HMO ɗinka. In har yanzu ba a biya bukata ba, ka rubuta koke zuwa ofishin Hukuma na jiharku, ka ambaci lambar rajista, da ranar da abin ya faru, ka haɗa da kwafen rasit. Koken da ke da takarda da kwanan wata ya fi saurin samun amsa a kan na fatar baki.

Jan hankali

An san cewa kunya, musamman a cikin fari, takan hana miji da mata furta maganar ciki har sai ya fito fili. Kunya ado ce, amma fom ɗin rajista bai bukaci kowa ya bayyana sirrinsa ba. Abin da ake nema shi ne shaidar aure. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce ango ya miƙa takardun amaryarsa tun satin da ya koma aiki bayan biki, kafin ma a fara maganar ciki.

Ke ma uwargida kina da hakkin tambaya. Ki nemi sanin lambar rajistarki da sunan asibitinki, ki ajiye su tare da katin awo a cikin jakar kayan haihuwa, domin ba lalle ne maigida yana gari ba ran da abin zai zo.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai samu ba. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da aka haifa.